Baba ya ce motar ce, Yaya ya ce tsufa ne

Zuwa ga mai wannan fili,

Ki taimaka min, na rasa wanda zan gaskata tsakanin mahaifina da yayana. Muna zaune a wani ƙauye kan tsaunukan Ehime. Baba ya kusa tamanin, har yanzu shi yake kula da gonarmu ta lemo, da 'yar ƙaramar motarsa ta ɗaukar kaya mai canja giya da kanta. Da ita yake kai Mama asibiti, don bas ba ya hawowa wajenmu sai jefi-jefi.

Tun ƙarshen damina yake cewa motar ta canja hali. Wai yana cikin tafiya sai allurar da ke nuna gudu ta faɗi ƙasa kamar an tsaya, giya ta fizga, sitiyari ya yi wani iri, fitilar gargaɗi ta kama, can kuma komai ya dawo daidai. Kwanan baya yana gangarowa da kwandunan lemo ta fizge shi a kwana, ya gogi katangar dutse ta maƙwabta. Bai ji ciwo ba. Muka kai wa Kuwahara-san, bakanikenmu, ya zagaya gari da ita, ya ce lafiyarta lau.

Da Yaya Tatsuhiko ya ji, sai ya bugo waya daga Osaka yana faɗa, wai Baba totur ya taka maimakon birki yana ɗora wa mota laifi. Ya ce ƙarshen wata zai zo ya raka shi ofishin 'yan sanda ya mayar da lasisinsa. Baba ya ce masa, “Ina hawan tsaunin nan tun kana goye, yau kai za ka koya min ƙafar birki?” Ya ajiye wayar, ko shinkafarsa bai ƙarasa ba.

Ni dai sau ɗaya na ga allurar ta yi rawa ina zaune gefensa, amma ban tabbata ba. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ya fara mantuwa, ranar nan ya bar buta a kan wuta har ta ƙone. Idan na goyi bayansa ya buge yaron wani a hanyar makaranta fa? Idan kuma na bi Yaya alhali motar ce, na raba Baba da gonarsa a banza, ga lokacin tsinkar lemo ya zo.

'Yar mai gonar lemo

Amsa:

'Yar uwa, kwantar da hankalinki. Abin da Baba ya faɗa bai yi kama da kame-kame ba. Akwai 'yar na'ura a jikin akwatin giya da ke gaya wa kwamfutar mota irin gudun da ake yi. Idan ta fara lalacewa, allura takan faɗi, giya ta rikice, a wasu motocin har sitiyari ya canja nauyi. Kuma ciwo ne mai zuwa ya tafi, shi ya sa zagaye ɗaya a gari bai nuna wa Kuwahara-san komai ba.

Ki koma wajensa, ki ce ya jona na'urar bincike ya karanta abin da kwamfutar ta ajiye lokacin da fitilar ta kama. Kada a cire batir kafin nan, yana iya goge shaidar. Ya duba wayar lantarkin 'yar na'urar giyar da soket ɗinta, domin a motar gona ɓera da laka sukan yi ɓarna a nan, ya kuma ciro na'urar ya ga ko ƙurar ƙarfe ta manne a bakinta. Idan duk bai ga komai ba, shi Kuwahara-san ya tuƙa motar hawa da gangara, ke kina gefe da wayarki tana nuna gudu ta tauraron ɗan adam. Duk inda waya ta ce ana tafiya allura ta ce an tsaya, kin sami amsa.

Amma yayanki ma ba ƙiyayya ce ta sa shi magana ba, tsoro ne irin naki. Ko an kama na'urar da laifi, butar da ta ƙone tana nan. Ki gaya wa Yaya zancenta, ki kuma lallaɓa Baba ya ga likita a duba idonsa da ƙwaƙwalwarsa. Zai fi yarda idan ya ga an fara ɗaukar maganarsa da muhimmanci.

Kafin sakamakon biyu ya fito, makulli ya zauna a hannunki, ku ari motar maƙwabta ke ki riƙa tuƙa shi gona. Ki roƙi Yaya ya zo gareji tukuna kafin ofishin 'yan sanda. Ina yi muku fatan tsinkar lemo lafiya, da Baba a tsakiyar gonarsa, ko wa ya tuƙo shi.