Injin Busar da Kayana Ya Daina Zafi, Ya Tona Asirin Uwar Mijina

Anti, don Allah ki ba ni shawara kafin bakina ya ja mini abin da zan yi nadama. Yau kwana huɗu ke nan ko abinci ba na iya ci sosai.

A bene muke, ba wurin shanya, shi ya sa maigidana ya sayo injin busar da kaya. Makon jiya ya fara iskanci: yana juyawa, yana ƙara, amma kaya su fito a jiƙe da sanyinsu. Dama na kwana biyu ina jin wani zarni a kayan makarantar yara, har na yi ta yi wa autana faɗa a banza. Na zaro rariyar da ke tare ɓurɓushin zare in duba. Wayyo Anti! Leda ce ta narke ta manne a jiki, ta haɗu da zare ta zama wani dunƙule mai wari. Sai da na ruga banɗaki.

Washegari na manta katin aiki na dawo gida, sai ga Inna, uwar mijina da ke zaune tare da mu, tsaye gaban injin da zanen gadonta a hannu. Ba ta gan ni ba. Ashe fitsari ke kufce mata, kuma maimakon ta wanke, da mun fita sai ta cusa zanen yadda yake, har da ledar da take shimfiɗawa, ya bushe ta mayar. A injin da nake busar da tawul ɗin fuskata! Tir! Kuma wai Innar da ta shekara takwas tana shafa yatsa a kan firij tana nuna mini ƙura, wadda ta taɓa sa ni sake wanke kofi sau uku a gaban baƙi.

Gaskiya ƙyama nake ji, da haushi. Maigidan ya ce zai kira mai gyara ranar Asabar, kuma na san mai gyara zai ciro ledar nan a gabansa. In bari maigidan ya gani da idonsa, ko in faɗa masa? Wani lokacin har ji nake gara ta koma wajen 'yarta.

Wadda Zuciyarta Ke Tashi

Amsa:

'Yar'uwa, ƙyamarki ba laifi ba ce, ni ma da nake karantawa sai da na yamutsa fuska. Mu fara da injin. Ki zare shi daga soket, kada kowa ya sake kunnawa, don leda da zare a wuri mai zafi gobara suke jawowa. Ki sa safar hannu ki kankare rariyar, ki wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, ki goge cikin injin. Ki cire bututun da ke fitar da iska ta baya ki zazzage shi. Idan iska ta rasa hanyar fita, zafi kan yi yawa, sai wani ɗan fis na kariya ya yanke, injin ya ci gaba da juyawa ba zafi. Ina zaton abin da ya faru ke nan, ko kuma wayar da ke ba da zafin ta ƙone. Wannan aikin mai gyara ne, kada ki kwance bayan injin da kanki.

Amma ki gama sharar nan kafin Asabar. Kada ɗa ya ji sirrin mahaifiyarsa daga bakin baƙo.

Na san kina da ciwon shekara takwas, kuma ga dama ta samu. Kada ki ɗauka. Kufcewar fitsari lalura ce, likita na iya taimakawa, ita kuwa ba za ta je ba sai wani ya rufa mata asiri ya raka ta. Ki same ta ku biyu, ƙofa a rufe. Ki ajiye mata bokiti mai murfi da zannuwa biyu na canji, ki ce leda ce ta ɓata injin, daga yau ta bar miki wankin. Maigida kuma ki ce masa Inna na bukatar ganin likita, iyakarsa ke nan.

Ki tuna yadda kika gan ta da zanen a hannu. Matar da ta fi kowa tsafta ce take jiran ki fita, saboda tsoron ki kalle ta yadda ta saba kallonki. Allah Ya ba ta lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan rufin asiri.