Inna, Na Shiga Ruwa

Assalamu alaikum, Inna.

Ina gaishe ki da durƙuso har ƙasa, yadda kika koya mini. Na san takardar nan ba za ta iso ki ba. Ko kina raye ma sai an nemo ƙanena Nasiru ya karanta miki, shi kuwa tsallake duk inda zai ɓata miki rai yake yi. Yau babu mai tsallake komai, don haka zan faɗa miki duka.

Wata goma ke nan da tafiyarki. Gida lafiya. Matar Nasiru ta sauka, an samu mace, ya saka mata sunanki duk da na gaya masa na riga shi. Gwaggo Asabe ta ɗauki keken ɗinkinki, kullum tana mita wai ba ya jin maganar kowa sai taki. Mu ma nan Kuala Lumpur lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya saɓa la'asar. Karatuna ya zo gangara. Takwararki Ummi ta shekara takwas, in na yi mata Hausa ta mayar mini da Turanci, in tana son ƙule ni ta liƙa masa "lah" irin ta 'yan ƙasar nan a ƙarshe.

Inna, na karya alkawarin da na yi miki.

Kin tuna ranar da kuka raka mu filin jirgi a Kano, Ummi tana goye a bayana? Ba ki ce in dage da karatu ba, ba ki ce in riƙa kira ba. Abu ɗaya kika ce: an gaya miki ƙasar duk ruwa ce, kada in shiga, kada in bar takwararki ta shiga. Na ce to. Na san dalili, ko da yake ba daga bakinki na ji ba. Gwaggo Asabe ce ta ba ni labarin ƙanenki Sani, wanda aka bar miki ki kula da shi kina 'yar shekara tara, da kududdufin da ya cinye shi a bayan gidanku a Rano. Ban taɓa jin kin ambaci sunansa ba.

Shi ya sa tun ina firamare, kafin in ajiye jaka, sai kin kama hannuna kin karce shi da farce. In farin layi ya fito a fata, an shiga ruwa ke nan. Nasiru ya sha bulala a kan layin nan, har ya koyi yawo da man shafawa a aljihu. Ni ko sau ɗaya bai taɓa fitowa ba.

To ga abin da na ɓoye miki. Benen da muke haya a Bukit Jalil akwai wurin iyo a ƙasansa, kuma ta gefensa ake bi a hau sama. Ummi tana da shekara uku ta fizge daga hannuna ta bi wata ƙwallo, sai cikin ruwa. Na tsaya a baki ina ihu, Inna. Ihu kawai na iya. Wata maƙwabciyarmu 'yar ƙasar ce ta faɗa da kayanta da mayafinta ta tsamo ta. Satin bai zagayo ba na kai ta wajen mai koyar da iyo. Yaya zan yi? Kin ce a nisanta ta da ruwa, ruwan kuwa ga shi a ƙofar gida.

Ranar Asabar da safe ake koya musu, ke kuma Asabar ɗin kike sa Nasiru ya kira mu ta bidiyo, hantsinku la'asar ɗinmu. Kullum sai kin ce in matso da hannun takwararki kusa da waya in karce ki gani. Ni kuwa tun kafin ki kira na mulke ta da man kaɗanyar da ke da kanki kika aiko, na ɗaura mata ɗankwali a kan jiƙaƙƙen kitso. Ki gyara tabarau, ki ƙura ido, ki ce madalla. Shekara huɗu ina yi miki haka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na koya wa yarinya ta yi shiru a gabanki. Ki yafe mini.

Hutun makarantar da ya wuce Abban Ummi ya kai mu tsibirin Langkawi. Daga can muka shiga kwale-kwale mai inji zuwa wani tsibiri, muka hau matakala ta cikin daji, birai suka ƙwace wa Ummi biskit ɗinta, sannan muka gangara. Sai ga ruwa a ƙasa, duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina. An ce a da can kogo ne, rufinsa ya rufta, ruwa ya cika ramin. Teku tana nan bayan dutsen da gishirinta, amma shi wannan ruwan daɗi ne kamar na randa. Kore ne shar, ba a ganin ƙasansa. Ina ganinsa na ce a raina wannan ai kududdufi ne, sai dai Allah ne ya haƙa abinsa. Mutanen wurin suna cewa macen da ta sha ruwan za ta samu rabo. Surukinki ya ce in daure in sha kofi biyu, na harare shi.

An yi dandamali na katako a kan ruwan, kowa kuma sai an saka masa rigar nan mai hana nutsewa. Kafin in gama addu'a Ummi ta yi tsalle. Da kin ga iyonta, Inna. Na san da kin rufe ido, amma na san da kin leƙa ta tsakanin yatsu. Abbanta bai fi ni iya komai ba, bakin ne kawai, yana gefe yana ɗaukar hoto. Ni kuma na zauna na tara takalman kowa a gabana ina gadi, irin zaman da za ki yi.

Ta yi ta kirana in shigo, ina girgiza kai. Can sai ta matso ta kama ƙafata, ta ce mini da Hausarta mai karyewa ai yanzu ba sai na ji tsoro ba, tunda Inna ta daina kira ranar Asabar. Ba da wata manufa ta faɗa ba. Amma maganar ta soke ni, don na ga abin da na shuka: yarinya ta ɗauka ke muke tsoro, ba ruwa ba.

Kada in ƙara miki wata ƙaryar. Tun kafin mu taho na je kantunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman na sayi kayan iyo na mata, masu rufe jiki har wuyan hannu da idon sawu, suna nan a ƙarƙashin abayata. Na daɗe da gajiya da zama uwar da ihu kawai ta iya. Na cire abayar, na saka rigar hana nutsewar, na yi bisimilla na bi tsani. Sanyin ya ratsa ni har haƙora. Na ƙanƙame tsanin, Ummi tana ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, tana cewa in kwanta ta baya ruwan zai ɗauke ni. Ya kuwa ɗauke ni. Kunnuwana suka shiga ciki, hayaniyar mutane ta ɗauke, ba na ganin komai sai sama da bakin duwatsun. A nan na tuna wata yarinya 'yar shekara tara tana tsaye bakin kududdufi tana ihu, babu maƙwabciyar da ta zo. Na yi kuka saboda ke, Inna, ba saboda tsoro ba.

Da na fito na zauna a rana na bushe, sai na kai farce na karce hannuna. Layin ya fito fari tas. Ina kallonsa wani abu ya faɗo mini. Ai kin san ba na zuwa ko'ina. Gwaggo Asabe ce take kai ni makaranta, ita take ɗauko ni. A ina zan ga ruwa? Amma kullum sai kin kama hannun nan. Ni ce 'yar fari, ba kya kiran sunana, ba kya yi mini wasa, ba kya jawo ni jikinki gaban mutane. Wannan riƙon kaɗai na sani, kuma kina daɗewa fiye da yadda karcewa take buƙata. Dubawa kike yi, Inna, ko riƙe ni kike yi? Me ya sa ban tambaye ki ba kina da rai?

Yanzu na shiga ajin iyo na mata, ranar Asabar da safe. In na dawo, takwararki ce take tare ni a ƙofa, ta ɗaure fuska irin taki, ta ce in kawo hannu. Ina miƙa mata. Layin yana fitowa, ba na shafa masa mai. Ita dariya take yi, ni kuwa fatana kawai kada ta yi saurin saki.

Na bar ki lafiya, Inna. Allah ya kai haske kabarinki, ya haɗa ki da Sani a bakin Alkausara, inda babu abin tsoro.

Ni ce 'yarki ta fari,
Rabi, wadda kike kira "ke wannan".