Agogon da Ya Ƙi Komawa Baya

Zuwa ga Gwaggo Ambaro,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mu nan Fargo ta Amurka lafiya lau, sai sanyi da kewar marigayi Kaka Warsame, Allah ya jiƙansa.

Gwaggo, yau ba tsokana na zo yi ba. Kin san agogon bangonsa, mai saita kansa da saƙon rediyo. Ranar da aka mayar da lokaci baya da awa guda, kamar yadda ake yi a nan farkon sanyi, ya ƙi komawa, ya ci gaba da tafiya a kan lokacin da mai shi ya bari. Kowa ya ce ni na taɓa, tunda ni na taɓa zuba wa liman gishiri a shayi. Amma Kaka Timiro ta ce mijinta ne bai kwanta ba, akwai abin da ya riƙe ta da shi. Na ce ko kishi yake don ya bar min mata. Ba ta yi dariya ba. Abinci ma sai ta tsakura.

Maƙwabcinmu Halvorsen, tsohon mai gyaran rediyo, ya ce wani abu a gidan ne ke danne saƙon. Ya ba ni ƙaramin rediyo, ya ce in murɗa inda babu tasha, in bi ƙugin har inda ya fi ƙarfi. Ni da ban wuce allo ba, na bi ɗaki ɗaki ina cire wayoyi, ƙugin na tashi yana faɗuwa kamar minshari.  Ƙugin ya kai ni kabad ɗin da ke ƙarƙashin agogon. Abin cajin na'urar kunnen marigayi, mai ƙara masa ji, shi ne a jone, na'urorin biyu suna ciki, an goge su tas. Na cire wayar cajin. Washegari da hantsi sai ga hannayen agogo sun koma daidai.

Na ɗauka Kaka za ta yi murna. Ta daɗe tana kallon bango, sannan ta ce, "To yanzu da me zai ji ni?"

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Na mayar da wayar, na mayar da agogon gaba da awa guda, yadda yake a da. Yanzu Kaka takan zauna a gefen kabad tana magana ƙasa-ƙasa. Don Allah ki zo kafin azumi. Wannan ya fi ƙarfin rediyona.

Ki gaida Kawu Diiriye da Sagal da yara.

Ɗanki,
Guled