Zakaran da Aka Kai wa Mai Caji

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Iyaye da Malamai na makarantarmu, nan yankin Taura.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan an yi girbi lafiya, ni ne malamin lissafi na aji uku a ƙaramar sakandare. Na rubuto a fili ne domin a fili aka yi mini abin.

Na ɗaya. Alhaji ya san al'adar garin nan: idan yaro ya ci jarrabawa, ubansa kan aika wa malami ɗan ihsani, ko ƙwan zabo ko ƙwaryar nono. Ba doka ba ce, ban kuma taɓa roƙa ba. Bana ƙungiyarku ta nemi a mayar da gwajin zango aikin gida, tunda yara suna gona. Muka bi. Sai ga Nura ɗan Malam Habu, yaron da tun aji ɗaya muke kokawa da shi a kan lissafin rabawa, ya cinye makin kakaf. Da uwargidata ta hango Malam Habu ya shigo layinmu da jan zakara a hammata, har ta ɗora ruwan zafi. Ya yi mini sallama, ya tambayi iyali, ya wuce abinsa. Rumfar Ɗanliti mai cajin waya ya kai shi. Wai Nura ya ce manhajar nan mai amsa tambaya, da ake kira ƙirƙirarriyar basira, ita ta koya masa, kuma tunda ba ta da gida, mai ba ta wuta shi ya cancanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar miyar kuka muka sha, uwargida tana ba ni shawarar in nemi janareto in kafa rumfa.

Na biyu. Bara da Nura ya faɗi, babu wanda ya je rumfar Ɗanliti neman ba'asi. Ƙofata aka buga.

Na uku. Ba na gaba da manhajar. Ni ma na gwada ta, kuma tana bayani da irin haƙurin da ni kaina ba na samu bayan azahar. Amma Nura ba bayani yake nema ba. Hoton tambaya yake ɗauka ya kwafe amsa, har da tayin da takan yi a ƙarshe na ƙaro wani misali. Makon jiya na kira shi gaban allo da tambaya iri ɗaya, lambobi kawai na canza. Ya tsaya har alli ya jiƙe a hannunsa, idonsa ya kawo ruwa. Wallahi wannan ya fi zakaran ƙona mini rai. Na je na gaya wa Malam Habu, shi kuwa ya kai majalisa cewa kishi nake da waya. Yanzu in na wuce, samari sai su ɓoye wayoyinsu a aljihu, wai kada in gani raina ya ɓaci.

Alhaji, jarrabawar fita aji uku tana tafe, kuma ba a shiga da waya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yaron nan ne zai ji kunya, ba manhaja ba.

Don haka ina roƙo a dawo da gwaji cikin aji. Ina kuma roƙon Alhaji ya riƙo hannun Malam Habu ranar Litinin, su zauna a bencin baya, wayar tana wajen Ɗanliti, Nura ya fito allo. In ya warware tambayar, zan ba da haƙuri a gaban majalisa. In ya kasa, ba na son komai daga gidansu sai yaron. A turo mini shi kullum bayan la'asar, kyauta, kafin lokaci ya ƙure.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da basira irin wadda ba ta buƙatar caji, ya shirya mana zuri'a.

Wassalam.

Malamin lissafi na aji uku.