Almakashin Gwaggo Vika

Sidni, farkon Disamba

Ƙanwata Losa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da Baba da Gwaggo Vika sarkin faɗa. Na ji ke aka zaɓa ki buɗe rawa a bikin tsofaffin ɗalibai. Kai, na yi murna! To buɗe kunnenki, ba a banza yayarki take aiki a shagon gyaran gashi ba.

Kada ki wanke kai ranar bikin, ki wanke tun ana jibi. Daga yau kullum ki jiƙa shi da mai kafin ki kwanta, ki ɗaure da tsohon ɗankwali. Ki daina yawo a rana kamar mai kiwon aladu. Kaushin ƙafar nan taki ki goge shi da dutsen bakin teku, kada ki ba ni kunya. Ga kwalbar man gashi na sa a cikin kaya, da jan baki. Ki shafa kaɗan, ba irin na 'yar gidan fasto ba, da ta zo coci bara kamar ta sha jini.

Zancen zuwa kuwa, ki ba Baba haƙuri sai Janairu. Watan nan kowane ofis da liyafarsa, matan garin nan sun haukace, ko shayi a tsaye nake sha. Tarin nasa ki dafa masa citta da lemun tsami.

Ga hotona, kada ki suma! Na datse gashina iya kunne. Yayin bana ke nan, kuma zafi ya ishe ni. Kowa cewa yake na koma yarinya.

Taki mai ƙaunarki,
Kalo

Neiafu, tsibirin Vava'u

Yaya Kalo,

Bayan gaisuwa, kaya sun iso, na gode. Ciwon Baba ba tari ba ne, Yaya. Likita ya sallamo shi, ya ce mu kula da shi a gida. Baba ne ya hana ni faɗa miki, wai kada a tayar miki da hankali kina kan aiki.

Kin san shi da ɗokin saƙonki. Ina madafa ya buɗe kayan da kansa. Da na shigo na tarar da hoton a ƙirjinsa. Ya dube ni ya ce, "Ashe Kalo har ta binne ni."

Yaya, me ya shiga kanki? Ko shekarun da kika yi a can sun mantar da ke? A gidanmu 'ya mace ba ta sa almakashi a kanta sai ubanta ya mutu, kuma yayarsa ce take yankewa. Shi ke nan abin da muke ba shi. Gashin nan tun rasuwar Mama shi ya raine shi. Shi yake kankare kwakwa ya dafa mai, ya zaunar da ke tsakanin ƙafafunsa yana tajewa, maza suna yi masa dariya.

Na ce masa naɗe shi kika yi a baya. Ya ce, "Losa, ƙirjina ne ke ciwo, idona ƙalau yake." Tun ranar ko romon kifi ba ya karɓa.

In kin adana abin da aka yanke, ki ɗauko shi ki taho, ki sa masa a hannu ki roƙe shi gafara. Kada ki jira Janairu. Rawa kam na ce su nemi wata.

Ƙanwarki,
Losa

Sidni

Losa,

Ina gaishe ku. Na karanta takardarki a ɗakin wanke tawul, na yi kuka har uwar ɗakina ta kore ni gida. Wayyo ni, wayyo Baba! Ko kusa ban yi nufin haka ba. A nan gashi gashi ne kawai, kullum sai na share cike da kwando.

Ban adana shi ba. Uwar ɗakina ta daɗe tana yaba tsawonsa, ranar da aka yanke na bar mata. An ɗinka shi ƙarin gashi. Ni da hannuna na ɗaura wa wata Baturiya mai zuwa liyafar ofishinsu, har ina gaya mata ya yi mata kyau.

Na nemo gidanta na buga ƙofa. Ta yi mini kirki, ta ba ni ruwa. Ta ce bayan liyafar sun je wanka a teku, ya cukurkuɗe, ta jefar a shara. Ta tambaye ni ko akwai wani irinsa kafin sabuwar shekara.

Jirage sun cika, duk mutanenmu suna tafiya gida Kirsimeti. Kullum ina filin jirgi ko wani zai fasa. Ki durƙusa a gaban Baba a madadina. Ki ce masa zai tsiro, Losa, ki ce ya jira ni ya gani.

Yayarki,
Kalo

Neiafu

Zuwa ga Kalolaine, 'yar ƙanena,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji. Mahaifinki ya huta ran Talata da hantsi, mun binne shi kusa da mahaifiyarki. Losaline ta isar masa da saƙonki. Ya ji, ya juya fuska bango. Ba zan ƙara miki a kan abin da ya faru ba, ba zan rage ba.

An ce kin sami kujera a jirgi bayan sabuwar shekara. Gidan ubanki ne, ba mai hana ki shiga. Ki zo da baƙaƙen kaya, tsohuwar tabarmar makoki da za ki ɗaura a ƙugu tana nan na ajiye miki. Amma rana ta goma da rasuwa ba ta jiran jirgi. Ranar zan zauna da almakashina, in kira 'ya'yansa mata, kowace ta kawo abin da ta tanadar masa.

Allah ya ba mu haƙuri.
Gwaggonki,
Vika

Neiafu

Yaya,

Ina gaishe ki. An yi jiya. Dangi sun cika tsakar gida. Gwaggo ta fara kiran sunanki, don ke ce babba. Ta riƙe almakashi a buɗe tana jira. Sannan ta kira ni.

Na roƙe ta ta raba nawa biyu, rabi da sunanki. Ta ce ba a aro.

Man da kika aiko bai lalace ba, da shi muka shafe jikin Baba. Kada ki sake aiko wani, ba ni da inda zan shafa.

Sai kin zo.
Losa