Wata Shida a Kicin ɗin Kawu Altab

Oldham, 9 ga Maris

Shefali,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin mahaifiyata Amma, ya ƙafar Abba? Ki gaida kowa a Sylhet. Ni lafiya lau, har ƙiba na yi.

Takardun ɗaukar nauyinki na neman bizar zuwa nan na cike su tsaf, shafi ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Masu ba da biza suna son shaidar albashin wata shida a jere daga wurin aiki ɗaya. Kin san mijinki da wayo: shekara huɗu ina karɓar rabin albashina a hannu don kada haraji ya taɓa shi. To, a takarda ko kyanwa ban isa in ciyar ba.

Kawu Altab, mai gidan abincin da nake aiki, ya yarda zai riƙa rubuta albashin duka. Har da dafa kafaɗata: "Ɗan ƙanwata, ai yi wa kai ne. Daga yau Litinin ma kana kicin." Litinin ce hutuna. Na ce na gode, Kawu. In na bar masa aikin, lissafi ya koma farko, kuma ya sani.

Don haka Sallar nan ba zan zo ba. Ba ya biyan ranar da ba a yi aiki ba, wata ɗaya ya gaza kuwa komai ya rushe. Kada ki gaya wa Amma dalili, yayanta ne. Ki turo hotunan bikinmu, su ma ana nema.

Rigar sanyin da na saya miki tana rataye a bayan ƙofa. Kullum na shigo sai na yi mata sallama.

Allah Ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Tofazzul