Ɗan kayen Malam da na kai kogi

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Ni ban iya rubutu ba, da baki na gaya wa admin ta rubuta, na kuma roƙe ta ta ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Me ya hana Malam ya nuna mini kayen nan, ɗan littafin da yake rubutu a ciki, ko sau ɗaya, ya ce wannan ki riƙe shi? Kullum sai na tambayi kaina, har yau ban samu amsa ba.

Malam mijina ne, a nan Gaya muka tsufa tare. Ya karantar a lise, wato sakandare, har ya ajiye aiki, daga nan ya koma tara duk wani rubutu da aka taɓa yi a kan giginya da shinkafar ƙasarmu. A intanet yake tarawa, shi da wasu malamai da ɗaliban jami'a na Yamai, kowa ya tsinci rubutu sai ya zuba a wurin, ya ɗan yi bayanin abin da ke ciki don na baya ya huta da nema. Malam ne ya buɗe wurin, shi kaɗai ke da kod, wato lambar sirrin shigar da sabon mutum. Ni dai abin da na sani, in yaran sun zo hutu tsakar gidana cika take, tukunyata ba ta sauka.

Da damina ya rasu. Ina cikin takaba rufin ɗakinsa ya fara yoyo, gara ta shiga takardunsa, kullum da safe sai in ga guntaye a ƙasa, awaki na bi ta kai. Malam kuwa ba ya fara shafi sai da bisimilla, wannan kam ko ban yi lakwal ba, ban san boko ba, na san siffarta. Raina ya kasa ɗauka. Na tattara duk wanda na ga sunan Allah a kansa na ɗaure a tsohon zane, har da wani ɗan kaye mai shuɗin bango. Ranar da na fita takaba na biya mai kwalekwale ya kai ni tsakiyar kogi, na saki ƙunshin, yadda na ga uwata tana yi.

Bayan kwana uku sai ga su, malamai biyu da wata ɗaliba. Ashe tun ranar gaisuwa suke son tambaya, kunya ta hana su, suka ce sai Inna ta fita takaba. Ɗan kaye shuɗi suke nema, a ciki ya rubuta kod. Sun gwada ta lambar wayarsa, layin an rufe. Tsofaffin ciki suna iya karatu, amma sabo ba ya shiga, ita kuma ɗalibar bana za ta rubuta memwar ɗinta na kammala jami'a a kan giginya. Na dube su na ce ban gan shi ba. Na zuba musu dambu suka ci suka tafi.

Abin bai tsaya nan ba. Akwai aminin Malam na Tanda, shi ya yi jinyarsa, ban da ni shi kaɗai ke shiga ɗakin. Yanzu shi suke zargi wai ya ɗauke don ya mallake aikin. An ce sun yi cacar baki a gurup ɗinsu, wani ya kira shi maci amana, shi kuma ya rantse ya fita. Ranar Juma'a ya zo gaishe ni, dattijo da furfurarsa, ya ce Hajiya ko ke ma kina ganin zan ci amanar Malam? Na ce Allah ya kiyaye, na shige ɗaki na yi ta kuka.

Na gaji wallahi. In na faɗa, kayen ba zai fito daga ruwa ba, kuma yaran da ke kirana Inna za su san da hannuna na rufe musu ƙofa, na kuma dube su na yi ƙarya. In na yi shiru, mutumin kirki zai shiga kabari da sunan ɓarawo. Wa zan fara gaya wa, shi ko su? Kuma masu ilimin cikinku, akwai hanyar buɗe irin wannan wuri in mai shi ya rasu?

Da hantsi Malam ya cika. Kafin ya cika, ina gyara masa matashi ya riƙe hannuna ya ce, "In yaran nan sun zo, ki ba su abin da suka tambaya. Ki ba su abinci kuma, ba sa faɗa in suna jin yunwa."